Waiwaye: Bulon da aka miƙa wa Wajda a Gdansk

Tun watan Satumbar 2023 da fim ɗin Agnieszka Holland mai suna Zielona granica, wato Koriyar Iyaka, ya fito a Poland, ƙurar da ya tayar ba ta gama lafawa ba. Ya nuna 'yan gudun hijira daga Siriya da Afghanistan da suka maƙale a dajin da ke tsakanin Belarus da Poland, ya kuma samu kyauta ta musamman a bikin finafinai na Venice. Wasu 'yan ƙasar suka ce tonon silili ne a idon duniya, wasu suka ce ai aikin mai fim ke nan. Wanda duk ya zauna kallon finafinan Andrzej Wajda, shahararren daraktan fim na Poland, a bukukuwan tunawa da shi, musamman da yake 2026 ce shekara ɗari da haihuwarsa, zai gane cewa gardamar ta girmi yawancin masu yin ta.

Tarihinsa sananne ne. An haife shi a 1926, mahaifinsa na cikin hafsoshin Poland da aka kashe a 1940, abin da Wajda ya mayar fim a 2007 da sunan Katyń, wato sunan da aka fi sanin kisan da shi. Finafinansa na yaƙi sun fito da shi duniya tun 1957, ya karɓi Oscar ta girmamawa a 2000, ya rasu a 2016.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne shekarar 1972, lokacin da ya karɓi jagorancin wani rukunin masu shirya fim da ake kira X. A Poland ta wancan zamani kuɗin fim daga aljihu ɗaya suke fitowa, wato na gwamnatin kwaminisanci, gidajen sinima ma a hannu ɗaya suke. Amma tun 1955 an raba masu sana'ar rukuni-rukuni, kowanne da babban darakta a kansa, kuma a cikin rukunin ake fara tattauna labari. Wannan 'yar kafa Wajda ya samu, ya tara matasa, cikinsu har da Holland da Feliks Falk da Ryszard Bugajski. A inuwarsa suka koyi ɗora kyamara a kan cin hanci da son kai da tsoron da ya zama jiki a masana'antu da ƙananan garuruwa. A ganina a nan tushen yake. A lokacin da jarida ba ta iya faɗar abin da kowa ya sani, sai jama'a suka koma neman gaskiya a sinima, har suka saba ɗaukar fim a matsayin shaida. Shi ya sa har gobe idan fim ya taɓa ciwon ƙasa, ba a yi masa kallon nishaɗi.

Daga wannan rukuni Człowiek z marmuru, wato Mutumin Marmara, ya fito a 1977, bayan rubutunsa ya shafe fiye da shekara goma a ajiye. Labarin Mateusz Birkut ne, magini a Nowa Huta, sabon garin masana'antu da ake ginawa a lokacin, wanda shi da abokan aikinsa suka jera bulo sama da dubu talatin a zama ɗaya. Aka sassaƙa mutum-mutuminsa, aka rataya hotonsa a manyan gine-gine. Wata rana yana nuna gwanintarsa a gaban jama'a, sai aka miƙo masa bulon da aka gasa da wuta, ya cafe da hannu biyu. Bayan shekaru wata ɗalibar fim ta tarar da mutum-mutumin a yashe a ɗakin ajiyar gidan tarihi, ta shiga neman inda mai shi ya ƙare. Mutane sun yi ta dogon layi don su gani, amma a bikin finafinan ƙasar da aka yi a Gdansk a shekarar, fim ɗin bai samu kyautar komai ba. Sai 'yan jarida suka haɗa kai suka miƙa wa Wajda tasu kyautar, bulo guda ɗaya. Duk lokacin da na tuna wannan bulo sai jikina ya yi sanyi.

Shekara uku bayan haka ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk suka shiga yajin aiki, Wajda ya je wurinsu, ya fito da ci gaban labarin, Mutumin Ƙarfe, wanda ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1981. A Disambar shekarar aka kafa dokar soja, Holland tana waje, ta zauna a Faransa. Rukunin X ya watse a 1983. Fim ɗin Bugajski a kan wata mata da aka tsare ana azabtar da ita da tambayoyi, wanda aka kammala a 1982, bai shiga sinima ba sai 1989.