Waiwaye: Yadda masu DJ suka tashi daga yanka tef da reza zuwa gyaran waƙa a manhaja

Tun asali waƙar da aka yi don rediyo ba ta yi wa mai DJ daidai ba. A farkon shekarun 1970 ƙaramin faifan garmaho mai inci 7 minti uku yake ɗauka ko ɗan sama da haka. Mawaƙi kan shigo tun a daƙiƙun farko, a ƙarshe kuma sauti ya dusashe a hankali. Mai haɗa waƙoƙi kuwa fili yake nema, wato kiɗa zalla a farko da ƙarshe, inda zai ɗora sabuwar waƙa a kan mai fita ba tare da muryoyi biyu sun yi karo ba. Neman wannan filin ne ya haifar da gyaran waƙa.

A New York aka fara, ta hanyoyi biyu. A unguwar Bronx, DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya lura masu rawa sun fi zabura a inda aka bar ganga ita kaɗai. Daga wajen 1973 ya riƙa ɗora kwafi biyu na faifai ɗaya, wannan na kaiwa ƙarshen gurbin gangar sai ya saki wancan daga farkonsa. Shi ko Tom Moulton a kan tef ya yi nasa aikin, yana tsawaita waƙa tun kafin a kai ta wurin rawa, kuma ta hannunsa faifai mai inci 12 na waƙa guda ya samu shiga. A 1976 kamfanin Salsoul ya fitar da irin wannan faifan kasuwa, da gyaran Walter Gibbons.

Aikin tef lissafi ne da awo. Rikodar situdiyo tana jan tef inci 15 a daƙiƙa, kimanin santimita 38. Idan waƙa tana bugu 120 a minti, bugu ɗaya santimita 19 ne na tef, gaɓa mai bugu huɗu kuma santimita 76. Mai gyara zai riƙa murza tef da hannu gaba da baya a kan na'urar karantawa har ya ji daidai inda babbar ganga ta fara, ya sa alama da farin fensir mai maiƙo, ya kwantar da tef a kan ƙarfen yanka, ya yanke da reza a karkace, sannan ya haɗa bakin biyu da salatif na musamman. Karkacewar ce ke hana a ji ƙas a mahaɗa. Rezar da ta ɗauki maganaɗisu ita ma tana barin wannan ƙarar. Kuskuren santimita ɗaya ya kai kusan milisakan 26, kuma ƙafar mai rawa tana jin wannan tuntuɓen. In ana son gaɓa ta maimaitu sau takwas, sai an kwafe ta sau takwas, kowane kwafi da ƙarin shuu ɗinsa. Da irin wannan gyaran Frankie Knuckles ya riƙa sabunta tsofaffin waƙoƙin disko a kulob ɗin Warehouse na Chicago, inda ya fara aiki a 1977.

Abin da reza ta kasa shi ne raba sauri da amo. Na'urar faifai ta Technics SL-1200MK2 da ta fito a 1979 tana ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari, amma ƙarin kashi 6 kawai yana ɗaga amo da rabin mataki, muryar babban mutum ta fara sirancewa.

Kwamfuta ta fara kawo sauƙin da ya fi komai: a yanka, in bai yi ba a mayar. Manhajar Pro Tools ta fito a 1991, sai dai tsadarta ta tsayar da ita a manyan situdiyo. Sound Forge da Cool Edit, wadda Adobe ya saya a 2003 ta koma Audition, su suka kai aikin kwamfutar gida, sai Audacity a 2000 kyauta. ACID a 1998 da Ableton Live a 2001 suka sa miƙa waƙa ko matse ta ba tare da amo ya gusa ba ya zama aikin kowa. Wannan ya warware matsalar tsofaffin waƙoƙin da mutum ne ya kaɗa gangarsu, domin hannun makaɗi yakan yi gaba ya dawo. Ana kafa alama a farkon kowace gaɓa, a ja ta ta hau kan layin bugu, wato layukan da manhaja ke nuna inda kowane bugu ya kamata ya faɗa. Wanda ya kafa alama a kowane bugu ya kashe waƙar, don ɗan jinkirin nan na makaɗi shi ne daɗinta.

Manhajojin kunna waƙa sun biyo baya, Traktor a 2000, VirtualDJ a 2003, Scratch Live na Serato a 2004, rekordbox a 2009, dukansu da layin bugu da maɓallin maimaita gaɓa nan take. Duk da haka gyararriyar waƙa ba ta daina amfani ba. Yau akan nemo gaɓar ganga mai tsabta, a jera ta sau 8 ko 16 a gaban waƙa. A bugu 120, gaɓa 16 daƙiƙa 32 ce. Ana yanka a inda igiyar sauti ta ratsa layin tsakiya, a sa 'yar narkewa ta milisakan 5 zuwa 10 a mahaɗa. A ajiye aikin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Duk lokacin da aka sake matse MP3 inganci na raguwa, kuma matsewar tana ƙara ɗan shiru a farkon fayil wanda kan gusar da layin bugu.

Masu DJ na biki a Kano da Kaduna da Maraɗi suna da ƙarin matsala biyu. Waƙar da ta bi hannu da yawa daga waya zuwa waya sau tari an riga an matse ta, MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa kuwa yakan yanke saman sauti a wajen kilohaz 16, babbar sifika kuma ba ta rufa wannan asirin. Ta biyu, manhajojin sun fi sanin kiɗa mai bugu huɗu a miƙe. Kiɗan da ke tafiya uku-uku, irin wanda ake yawan ji a waƙoƙin kalangu, yakan sa su ƙirga saurin ba daidai ba. Maganin shi ne a buga saurin da yatsa, a kafa bugun farko da hannu.

Sabon babi shi ne raba waƙa kashi-kashi. Kamfanin Native Instruments ya gwada a 2015 da fayil mai sassa huɗu, amma sai mai waƙa ya yarda ya fitar da ita a haka. A 2019 kamfanin Deezer ya saki manhajar Spleeter, mai zare murya daga gamammiyar waƙa. VirtualDJ da djay suka sa irinsa a 2020, Serato a 2022. Yanzu ana iya samo ganga zalla ko daga waƙar da mawaƙi bai yi shiru ko sau ɗaya ba. Sai dai raguwar murya takan maƙale a ƙananan kuge, amsa-kuwwar da aka sa wa murya ta rage a cikin kiɗa, don haka a saurari sashen shi kaɗai da abin kunne kafin a kai shi gaban jama'a.