Gumi ba ya fitar da mura daga jiki

An daɗe ana cewa wanda mura ta kama ya fita ya yi gudu ko ya buga ƙwallo har ya jiƙe da gumi, wai cutar za ta bi gumin ta fita. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin ƙwayar cutar tana zaune ne a hanci da maƙogwaro da huhu, kuma garkuwar jiki ce ke kawar da ita, yawanci cikin kwana 7 zuwa 10. Wahalar da jiki ana cikin zazzaɓi tana ƙarar da ruwan jiki, kuma tana iya jefa zuciya cikin haɗari idan ƙwayar ta kumbura tsokarta. Sai zazzaɓi ya sauka sannan a fara tattaki a hankali, a dakata da zarar ƙirji ya yi zafi ko numfashi ya yi wuya.