Lissafin Fiziks a WAEC, NECO da JAMB: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Na daɗe ina koyar da fiziks a nan Sakkwato, da safe a aji, da yamma a lesin da nake yi a Mabera. Duk shekara da zarar jarrabawa ta ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo mini kan lissafin dansiti, nutsewar abu a ruwa da dokokin iskar gas. Ga su nan na tattara. Duk wanda ya sake kawo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, mece ce fomular dansiti?

Mas (yawan abin da jiki ya ƙunsa) a raba da bolum (girman gurbin da ya cika). Dansitin ruwa 1000 kg/m³ ne, wato 1 g/cm³. Jarkar ɗan ga-ruwa mai lita 25 kilo 25 na ruwa take ɗauka, amma in kananzir aka zuba mata, wajen kilo 20 ne kawai. Haddace wannan.

Mas da nauyi ba abu ɗaya ba ne?

A kasuwa, e. A takardar jarrabawa, a'a. Mas da kilogiram ake auna shi, nauyi kuma da Niyuton, wato N. Ka ninka mas da g, wato lambar ƙarfin jan ƙasa, ka samu nauyi.

To g ɗin 10 zan sa ko 9.8?

Wanda aka rubuta maka a ƙarshen tambayar. Ku riƙa karanta tambaya har ƙarshenta, don Allah.

Na bi fomula daidai, amma amsata ba ta cikin zaɓin da aka bayar.

Yunit ne ya kayar da kai, kuma bakina har ya gaji da faɗar wannan. An ba ka bolum a cm³, ka raba da 100, ka ce ka koma m³. Wa ya koya maka haka? Mita ɗaya santimita 100 ce a tsawo, 100 a faɗi, 100 a tsayi, don haka 1 m³ daidai yake da 1,000,000 cm³. Da miliyan ɗaya ake rabawa. Ka ma gode wa Allah da ba ka ga amsarka ba, domin sau da yawa masu tsara tambaya sukan ajiye amsar kuskuren nan a cikin zaɓin, ɗalibi ya gan ta ya yi murna, ya wuce.

An ba ni nauyin dutse a iska, da cikin ruwa, da cikin kananzir. Ta ina zan fara?

Wannan kam tambaya ce ta gaske, sai ka zauna. Ka taɓa jan guga a rijiya? Muddin gugan yana cikin ruwa ba ka jin nauyinsa sosai, amma da ya fito fili sai igiya ta fara cin tafin hannunka. Nauyin da ya ɓace a cikin ruwa shi ne ƙarfin da ruwan ke tura abu sama da shi, kuma daidai yake da nauyin ruwan da abin ya ture. Ƙa'idar Akimidis ke nan.

A ce dutsen 0.50 N ne a iska, 0.30 N a ruwa, 0.34 N a kananzir. A ruwa ya rasa 0.20 N. Raba 0.50 da 0.20, ka samu 2.5: dutsen ya ninka ruwa sau biyu da rabi a dansiti, wato 2500 kg/m³. Shi 2.5 ɗin, da ake kira dansitin kwatance, ba shi da yunit, kar ka liƙa masa. A kananzir ya rasa 0.16 N. Raba 0.16 da 0.20, ka samu 0.8, wato dansitin kananzir 800 kg/m³ ne.

Sai dai ba kullum hanyar nan ke ɓullewa ba. Tana aiki ne idan abin ya nutse gaba ɗaya. In yana yawo a saman ruwa kamar guntun icce, to turin ruwan daidai yake da nauyinsa duka, kuma kason da ya nutse shi zai gaya maka dansitinsa. Ƙanƙara tana da dansitin kwatance kusan 0.92, shi ya sa ɗan kanta kaɗai kake gani a saman kofi. Haka kuma ka duba da kyau ko lambar da aka ba ka nauyin abin ne a cikin ruwa, ko kuwa nauyin da ya rasa. Turancin biyun yana kama da juna, kuma na ga yara masu ƙoƙari sun faɗi a nan. Wani lokaci ma a giram za a ba ka awon. In dansitin kwatance kaɗai ake nema, ba sai ka juya ba, tunda rabawa za ka yi. In ƙarfin turin ake nema, dole ka koma kilogiram ka ninka da g. Shawarata, ka zana ɗan hoto a gefen takarda kafin ka taɓa kalkuleta.

Me ya sa a lissafin gas sai an ƙara 273 a kan digirin Celsius?

Domin dokokin gas da ma'aunin Kelvin suke aiki. Zafin Afrilu na Sakkwato in ya kai digiri 42, to 315 K ne. Gas ɗin da ke rufe a tukunya in ya tashi daga digiri 20 zuwa 40, matsinsa bai ninka ba: daga 293 ne zuwa 313, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100.

Malam, ni tsoron lissafi nake ji. In tsallake shi?

Kar ki tsallake, 'yata. Kwantar da hankalinki. A takardar rubutu ta WAEC da NECO ana ba da maki kan matakai: rubuta fomula, sa lambobi a gurbinsu, sannan amsa da yunit ɗinta. Ko kin kuskure a ƙarshe, ba za ki tashi hannu rabbana ba. JAMB ce ba ta da wannan sassauci: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 40 daga ciki na fiziks, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. A can, wadda ta tsaya miki a wuya ki wuce ta, ki dawo mata daga baya.

Za ka ba mu tambayoyin da za su fito?

Ba ni da su, kuma kar wanda ya ƙara tambayata. Tsofaffin takardun jarrabawa nake da su. Ku zo Asabar bayan La'asar, kowa da bironsa da kalkuletarsa.