Tabula Rasa (kashin wasan talabijin)

Tabula Rasa shi ne kashi na 8 a zango na 6 na Buffy the Vampire Slayer, shiri mai dogon zango da aka yi a Amurka. Tashar UPN ce ta fara haska shi ranar 13 ga Nuwamba, 2001. Rebecca Rand Kirshner ta rubuta labarin, David Grossman ya ba da umarni. A cikinsa wani asiri ya kuɓuce wa mai shi, manyan taurarin shirin su takwas suka farka ba wanda ya san ko sunansa. Masoya shirin suna sa shi a sahun farko na kason ban dariya, duk da cewa da rabuwa da hawaye ya ƙare.

Asalin sunan

Kalmomin biyu na Latin ne, ma'anarsu allon da aka kankare. Rumawan da suna rubutu a kan allon katako da aka shafe da kakin zuma, da wani tsinken ƙarfe mai tsini a gefe ɗaya da faɗi a ɗayan. In an gama da rubutun sai a murje kakin ko a ɗumama shi, allo ya koma kamar ba a taɓa sa masa hannu ba.

Masana falsafa sun ari hoton don bayyana zuciyar jariri. Aristotle, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kwatanta hankali da allon da ba a riga an rubuta komai a kai ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗaɗa batun, ya ce hankalin ɗan Adam yana farawa ne a matsayin iyawa kawai, ilimi kuma yana shigarsa ta hanyar abin da gaɓɓai suka riska. A Andalus, cikin ƙarni na 12, Ibn Ɗufail ya rubuta labarin Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi, ya gano Mahalicci da tunaninsa. An fassara littafin zuwa Latin a Ingila a 1671. Wajen 1689 ko 1690 John Locke ya fitar da littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, wanda yau aka fi danganta ra'ayin da shi, ko da yake shi farar takarda ya ambata a ciki. Ana hasashen ya karanta fassarar Ibn Ɗufail.

Almajiran Sakkwato ba baƙin wannan hoto ba ne. A cikin Ihya, littafin da malaman jihadi suka karanta suka kuma ɗebo daga gare shi, Imam Ghazali ya siffanta zuciyar yaro da tsarkakakken jauhari wanda babu zane a jikinsa, mai karɓar duk abin da aka zana masa. Ko wannan daidai yake da fiɗirar da hadisi ya ambata, malamai sun yi saɓani.

Wankakken allo ita ce fassarar da ta fi kusa a Hausa, amma tana ɗauke da wata ma'ana da Latin ɗin ba ta da ita. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gaban malam an ce ya yi. Sannan ne zai kai shi bakin randa, ya cuɗe tawadar da tafin hannu, ya jingine shi a rana ya bushe. Wanda ya ga farin allo a jingine ya san karatun bai ɓata ba, wurin zama ya sake, ya koma ka. Marubuciyar ba makarantar allo take tunani ba, amma labarin nata ya fi dacewa da wannan allon fiye da na Rumawa.

Shirin da inda aka kwana

Joss Whedon ne ya ƙirƙiri shirin. An fara shi a watan Maris na 1997, aka rufe a watan Mayu na 2003, zango 7, kashi 144. Zango biyar na farko a tashar The WB aka nuna su. Labarin wata yarinya ce, Buffy, wadda Sarah Michelle Gellar ta fito a matsayinta, da aka zaɓa don yaƙar masha jini (matattun da a tatsuniyar Turawa suke tashi suna shan jinin mutane) da aljanu a wani ƙirƙirarren gari mai suna Sunnydale a jihar Kalifoniya.

Buffy ta mutu a ƙarshen zango na 5. Ƙawarta Willow, wadda ta yi nisa a sihiri, ta dawo da ita duniya da zaton tana cikin azaba. A kashi na 7, wanda aka yi shi duka da waƙoƙi mako guda kafin wannan, Buffy ta tona cewa daga wurin ni'ima aka fizgo ta. A nan ne kuma Tara, masoyiyar Willow, ta gano Willow ta taɓa goge mata wata rigima da suka yi daga ƙwaƙwalwa. Giles, ɗan Ingila mai koyar da Buffy, wanda ya zame mata uba, ya yanke shawarar komawa gida don ta koyi tsayawa da ƙafarta.

Labarin

Willow ta yi wa Tara alkawarin za ta yi mako guda ba ta taɓa sihiri ba. Ba a je ko'ina ba ta saɓa. Ta ƙona wani busasshen tsiro da shirin ya raɗa wa sunan Lethe, kogin mantuwa a tatsuniyoyin Girka, ta haɗa da wani dutse mai sheƙi, da nufin Buffy ta manta ni'imar da ta baro, Tara ta manta fushinta. Tartsatsi ya kama sauran ƙullin tsiron, duk ya ƙone. Ana tsakiyar taro a shagon kayan sihirin da Giles da wata abokiyarsu Anya ke riƙe da shi, kowa ya zube barci.

Da suka farka sai aka shiga laluben aljihu. Masu katin shaida suka karanto sunayensu. Dawn, ƙanwar Buffy, ta ga nata a sarƙar wuyanta. Buffy ba ta da komai, sai ta raɗa wa kanta Joan. Willow ta farka jingine da abokinsu Xander, sanye da rigarsa, suka ɗauka saurayi da budurwa ne. Anya ta ga zoben baiko a yatsanta, takardu kuma suka nuna shagon nata ne da Giles, sai aka yanke cewa shi ne angon, alhali Xander ne mai zoben. Giles ya lalubo tikitin jirgi na zuwa Landan ba dawowa, ya ɓoye, yana zaton guduwa zai yi ya bar amarya.

Spike ne ya fi kowa shan wahala. Masha jini ne, amma ya shigo shagon cikin tsohuwar kwat irin ta dattawan Ingila, yana ɓuya ga wani aljani mai kan kifin shak da ke binsa bashin 'ya'yan kyanwa 40, domin da kyanwa aljanun garin ke caca. Da ya ji harshensa iri ɗaya da na Giles sai aka ce ɗa da uba ne. A cikin kwat ɗin an ɗinka sunan Randy, wanda a Turancin Ingila yake nufin mai jaraba, nan take ya fara ƙorafin irin sunan da uban nasa ya sa masa.

Yaran mai bashi suka kewaye shagon. Mutanen da suka shekara biyar suna kashe masha jini suka buɗe ƙofa, suka ga biyu, suka kurma ihu tare suka maida ƙofa. Joan ta soke ɗaya da tsinken katako, ta tsaya tana mamakin ƙarfinta. Randy ya shafa fuskarsa ya ji fiƙoƙi, sai ya yanke cewa shi masha jini ne na kirki mai neman tuba. Anya, wadda ba abin da take tsoro kamar zomo, ta buɗe littafin sihiri tana karantawa, zomaye suka yi ta ɓullowa, har ta kai ga Giles yana faɗan takobi da ƙwarangwal. Sauran huɗun suka bi ta magudanar ruwa ta ƙarƙashin gari. A can dutsen ya faɗo daga aljihun Willow, Xander ya taka shi ya fashe, kowa ya dawo hayyacinsa.

Mintunan ƙarshe kusan babu magana. Mawaƙiya Michelle Branch tana rera waƙar bankwana a gidan rawar garin, Tara tana haɗa kayanta, Giles yana zaune a jirgi.

Abin da masoya ke yabawa

Babban abin yabon shi ne an goge sunaye amma ba a goge hali ba. Buffy da Dawn sun gane 'yan'uwa ne saboda yadda suka fara cacar baki cikin minti ɗaya. Joan ba ta san ita kowa ba ce, amma ita ta fara ba da umarni kuma kowa ya bi. Anya da Giles suna ta gardama kamar tsofaffin ma'aurata. Bahaushe zai ce hali zanen dutse. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da mai kallo ya sani da abin da taurarin suke tsammani, shi ya sa wanda ya fara shirin daga wannan kashi ba zai ji rabin daɗinsa ba. Sai ka san Spike an maida shi masha jini tun 1880 kafin ka ji daɗin ganinsa yana tura baki a gaban Giles, wanda Spike ya girme shi da shekara kusan ɗari. Sai ka san James Marsters, wanda ya fito a Spike, Ba'amurke ne mai aron harshen Ingila, Anthony Head na Giles kuma ɗan Ingila ne na gaske.

Na biyu shi ne fuskar Buffy. Tun farkon zangon ba ta da walwala. A matsayin Joan sai ga ta tana murmushi, tana murnar ƙarfinta kamar yarinyar da aka saya wa kayan salla. Da dutsen ya fashe tana tsakiyar faɗa, nauyin ya dawo mata gaba ɗaya, ta tsaya cak har aka kai ta ƙasa da duka. Masu sharhi da yawa suna ganin wannan ɗan lokaci shi ne zuciyar kashin, kuma suna da gaskiya. Asirin Willow ya yi aikin da aka sa shi, ya kuma nuna dalilin da ya sa bai kamata a yi shi ba.

Tafiyar Giles ta zo daidai da burin Anthony Head na komawa kusa da iyalinsa a Ingila. Bai sake bayyana ba sai dab da ƙarshen zangon.

Makamantansa

Whedon ya sake gwada dabarar a shirin Angel a Nuwamba 2002, inda asiri ya maida taurarin tunaninsu na ƙuruciya. Shirin Supernatural ya yi nasa a Fabrairu 2017, a zango na 12, inda Dean, ɗaya daga manyan taurarinsa, yake manta abubuwa kaɗan-kaɗan har ya tsaya gaban madubi yana ƙoƙarin riƙe sunansa.

Likitoci kuwa sun daɗe suna cewa mantuwar fim daban take da ta asibiti. Wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa galibi sabon abu ne yake kasa riƙewa, ba kasafai yake manta ko shi wane ne ba. Abin da kashin ya dace da shi shi ne cewa ƙwarewar jiki, kamar tuƙa keke, takan zauna ko da sauran sun tafi.

A Sakkwato

Shirin bai taɓa yin sunan da finafinan Indiya suka yi a ƙasar Hausa ba. Masu kallonsa tsiraru ne, galibi masu jin Turanci, ta faifan DVD da ake cusa wa zango guda ko fiye, daga baya kuma ta masu tura finafinai a waya. Jigon mantuwa dai sananne ne ga kowa, don finafinan Indiya da na Kannywood sun sha amfani da shi: hatsarin mota, a farka a gadon asibiti, a kalli mahaifiya a ce wace ce ke. Bambancin shi ne a can don a sa mutane kuka ake yinsa, a nan kuwa an fara da dariya.

Abin da Willow ta yi ma yana da suna a Hausa. Akwai shashatau, asirin da ake cewa yana sa mutum ya shashantar da maganar da yake bi. Akwai kurciya, wadda ake cewa tana sa mutum ya bar gari ya manta da iyayensa. Wanda ya taso yana jin labarin matar da ta bi boka don ta mallake miji, abin ya juye a kanta, ba ya buƙatar a yi masa bayanin inda labarin Willow zai kwana. Haka sanyin da Giles ya nuna wa ɗan da aka liƙa masa yakan tuna wa Basakkwace alkunyar ɗan fari, wanda uba ba ya kiran sunansa balle ya rungume shi a gaban jama'a. Barkwancin harshe, irin na sunan Randy, shi ne yake ɓacewa in ana fassara wa na kusa.

Cece-kuce

Shirin ya nuna Willow da Tara a matsayin masoya, dukansu mata. A Amurka ana lissafa wannan cikin abubuwan da shirin ya yi fice da su. A Sakkwato addini da doka sun hana, kuma wannan, tare da yawan sihiri, yana sa wasu ƙaurace masa. Masoya sun rabu kan ko Giles ya kyauta da ya tafi a lokacin da Buffy ta fi buƙatarsa, da kuma yadda kason da suka biyo baya suka maida sihirin Willow tamkar shaye-shaye. A 2021 wasu 'yan wasan shirin sun zargi Whedon da muzguna musu a wurin aiki. Ya musanta a wata hira a 2022.