Waiwaye: Yadda fargabar wani filin jirgi ta haifi liyafar fadar Bunratty

Da misalin ƙarfe biyar da rabi na yamma manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke fara tsayawa a gindin wani dogon soron dutse a gundumar Clare, yammacin ƙasar Ayalan. Baƙi su hau matattakala mai murɗiya, su tarar da mata cikin dogayen riguna irin na zamanin da. A miƙa wa kowa ɗan gutsuren burodi ya dangwali gishiri, alamar an karɓe shi da amana, a bi shi da kofin giyar zuma. Ana goga goge, ana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, wanda hotonsa ke jikin kuɗin ƙasar. Daga nan sai a sauko zauren cin abinci, a zauna bisa dogayen bencina. Babu cokali. Wuƙa ɗaya za a ba ka, miya kuma ka ɗaga kwano ka kurɓa. Sai haƙarƙarin alade, sai kaza, sai kayan zaƙi. A cikin baƙin ake zaɓen mutum biyu a naɗa su sarki da gimbiya na daren, a kama wani a jefa shi kurkuku bisa laifin ƙarya, ba zai fito ba sai ya rera waƙa.

Wannan ita ce liyafar fadar Bunratty. Wanda ya gan ta zai ɗauka gadon kaka da kakanni ce. Ginin kam tsoho ne, ya kusa shekara ɗari shida. Liyafar kuwa a 1963 aka fara ta, kuma ba masu sarauta suka ƙirƙiro ta ba. Ma'aikatan filin jirgin sama ne, da suka hango abincinsu na shirin kuɓuce musu.

Sunan Bunratty a harshen ƙasar na nufin bakin kogin Ratty, wato inda ƙaramin kogin ya faɗa babban kogin Shannon. Wuri ne da duk mai son mallakar hanyar ruwa zuwa birnin Limerick zai so ya riƙe, don haka an sha gini ana rushewa. Wani jarumi daga Ingila, Thomas de Clare, ya gina fadar dutse a wajen cikin shekarun 1270. A 1318 'yan ƙasa suka kashe ɗansa Richard a yaƙin Dysert O'Dea, matar Richard ta cinna wa fadar wuta ta gudu. Ginin da ke tsaye a yau dangin MacNamara ne suka tayar da shi wajejen 1425, daga baya ya koma hannun gidan O'Brien, jikokin Sarki Brian Boru, masu sarautar yankin Thomond. A 1543 mai gidan ya ajiye rawaninsa na sarki, ya karɓi muƙamin da Sarki Henry na Takwas na Ingila ya ba shi. A 1646 aka yi wa fadar ƙawanya lokacin yaƙin basasa, mai tsaron ta kuwa shi ne Admiral William Penn, mahaifin mutumin da ya kafa Pennsylvania a Amurka. Daga nan tauraruwarta ta fara dushewa. Dangin Studdert da suka mallake ta daga baya sun ƙaura a 1804 zuwa wani sabon gida kusa, mai sauƙin zama. Kafin ƙarshen ƙarnin rufin babban zauren ya rufta.

Haka ta zauna kango har cikin shekarun 1950, lokacin da wani basarake mai sha'awar tsofaffin kaya, Lord Gort, ya saye ta. Ƙanin janar ɗin nan ne da ya jagoranci sojojin Birtaniya a Faransa har zuwa janyewar Dunkirk a 1940. Shi da wani masanin kayan tarihi, John Hunt, da hukumar ayyuka ta gwamnati suka sake rufa ginin, suka cika shi da kujeru, akwatuna da kilisai na bango na ƙarni na 15 da na 16. A 1960 aka buɗe wa jama'a.

Da labarin ya tsaya nan, da Bunratty ta zama ɗaya daga ɗaruruwan tsofaffin gine-ginen da ke warwatse a Ayalan, mai gadi ɗaya da littafin sa hannu. Abin da ya bambanta ta shi ne maƙwabcinta. Tafiyar 'yan mintoci ce a mota tsakaninta da filin jirgin Shannon.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane matsayin Shannon. Jiragen farko da suka riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Turai da Amurka a kan ruwa suke sauka, kuma mashigar Foynes, a ɗaya gaɓar kogin, ita ce zangonsu na ƙarshe kafin su tunkari tekun Atlantika. A 1943 aka ba wani saurayi ɗan gundumar Clare, Brendan O'Regan, riƙon gidan abincin da ke wurin. An haife shi a 1917 a Sixmilebridge, ƙauyen da ke dab da Bunratty, kuma ɗan mai otal ne. A ɗakin girkinsa ne wani kuku, Joe Sheridan, ya haɗa gahawa mai zafi da wuski da kirim don fasinjojin da sanyi ya kaɗa, abin da duniya ta sani yanzu da gahawar Ayalan. Da yaƙi ya ƙare a 1945 jirage masu taya suka karɓi hanya, harka ta ƙetare kogi zuwa Shannon, O'Regan ya bi ta. A 1947 ya buɗe kantin sayar da kaya ba haraji, na farko a duniya a cikin filin jirgi. Duk kantin turare da agogo da matafiyi ke ratsawa yau a Dubai ko Jidda, jikan wannan ɗan kantin ne.

Sirrin kasuwar ɗaya ne: jirgin wancan zamani ba ya iya tsallake teku bai sha mai ba. Dole ya sauka, dole fasinja su fito, su ci, su saya. A Oktoban 1958 jiragen jet suka fara jigila a kan Atlantika, kuma kowa ya ga inda aka dosa. Nan da 'yan shekaru jirgi zai tashi daga Niyok ya dira Landan ko Paris, Shannon sai dai a hango ta daga sama. Irin abin da ya sami Gander a Kanada ke nan, ya kuma rage wa Kano cinikin jiragen Turai masu yada zango a hanyarsu ta kudancin Afirka.

O'Regan, wanda tun 1957 yake shugabantar hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, ya ce idan jirgi ba zai sauko don mai ba, to a samar masa da wani dalilin saukowa. A 1959 aka kafa kamfanin raya Shannon, aka keɓe fili kusa da titin jirgi inda masana'antu za su yi aiki da rangwamen haraji. Wannan ya kula da kaya. Saura mutane. Aka shirya wa fasinjan da ya yarda ya kwana ɗaya wata 'yar tafiya: a zaga da shi ƙauyuka, ya ga kiɗa da rawa, ya rufe da cin abincin dare a fadar da Lord Gort ya gyara. Haka liyafar ta samo asali, a matsayin ƙugiyar kama fasinja.

Kuma ta kama. Dalilin yana cikin ƙidayar jama'a. A 1841 gundumar Clare na da mutum kusan 286,000. Zuwa 1961 ba su kai 75,000 ba. Tsakanin waɗannan shekaru akwai babbar yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta ruɓar da dankalin Turawa, abincin talaka, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu a tsibirin, wasu kusan miliyan ɗaya suka tsallaka teku. Ƙaurar ba ta tsaya ba har bayan shekara ɗari. Yau Amurkawa fiye da miliyan 30 ke cewa asalinsu Ayalan ne. Su ne suka cika bencinan Bunratty, suna neman ƙasar da kaka ke ba su labari.

A nan ne abin ke ba ni mamaki. Kakannin yawancin waɗannan baƙi ba su taɓa taka babban zaure irin wannan ba, sai dai ko su kawo kuɗin haya bakin ƙofa. Dankali da tsala suka rayu a kai, yunwa kuma ta kore su. Jikokinsu sun dawo da dala a aljihu, an zaunar da su a mazaunin mai ƙasa, ana kiran su "ranka ya daɗe". Ban ga laifin mai sayarwa ba, don ya san abin da mai saye ke so. Ba wanda zai biya kuɗin jirgi ya zo a ba shi kwanon yunwa.

Shi kansa abincin, rabi tarihi ne rabi wasan kwaikwayo. Rashin cokali mai yatsu gaskiya ne, domin bai zama ruwan dare a tsibiran Birtaniya da Ayalan ba sai ƙarni na 18. Giyar zuma ma tsohuwa ce a ƙasar. Amma abin da mutanen Thomond suka fi ci a 1425 nono ne da dangoginsa: kindirmo, cuku, man shanu, da waina ko fate na wani hatsi dangin sha'ir. Arzikin mutum da shanu ake auna shi, har yau kuma masu haƙar ƙasa a fadamun Ayalan na tono ɗaurin man shanu da aka binne shekaru aru-aru. Dankalin da aka san ƙasar da shi daga Kudancin Amurka ya zo, bai iso ba sai ƙarshen ƙarni na 16. Waƙoƙin da ake rerawa bayan cin abinci kuwa, da yawansu sun zo ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake kwaikwaya. Batun ci da hannu, wanda baƙi ke ta dariya suna ɗaukar hoto a kai, mai cin tuwo kullum zai yi mamakin a ce har kuɗi ake biya a yi shi.

Akwai kuma ɓangare na biyu, wanda ni na fi ganin ƙimarsa, shi ma titin jirgi ne sanadinsa. Da za a tsawaita titin Shannon don jiragen jet su iya sauka, sai aikin ya biyo ta kan gidan wani manomi mai rufin ciyawa. Maimakon a share shi a manta, aka sake gina irinsa a gindin fadar a farkon shekarun 1960. Daga wannan gida ɗaya aka yi ta ƙari har ya zama ƙauyen tarihi mai faɗin eka 26 da gine-gine sama da 30: gidan masunci, bukkar ɗan ƙodago mai ɗaki ɗaya, maƙera, injin niƙa mai aiki da ruwa, makaranta, gidan likita, gidan waya, kantuna. Akwai cocin da aka kwance dutse bayan dutse daga Ardcroney a gundumar Tipperary aka sake haɗa shi a nan. A cikin gidajen ana hura wuta da busasshiyar ƙasar fadama da suke yanka kamar tubali, mata na gasa burodi a gaban baƙi. Wannan rayuwar ƙarni na 19 ce, wato ita ce ainihin wadda kakannin baƙin suka bari. Har an yi mata nata daren cin abinci a wata rumfar hatsi, inda ake ba da farfesun rago da dankali da albasa, da burodin da ake tayarwa da garin soda, ana rawa. Shi ma burodin bai girmi ƙarni na 19 ba, amma aƙalla a gidan da ya dace ake cin sa.

Ganin ciniki ya buɗe, sai aka faɗaɗa. Wani attajirin Texas, Mark Edwin Andrews, ya sayi fadar Knappogue a 1966 ya gyara, aka fara liyafa a can. Aka yi haka a Dunguaire, bakin teku a gundumar Galway. Salon ya bazu zuwa wasu ƙasashe, har ya kai inda ba a damu da tsohon gini ba sam: a 1983 kamfanin Medieval Times ya buɗe reshensa na farko a Amurka, a jihar Florida, cikin sabuwar fada da aka gina don wasan kawai, da mahaya dawakai suna sukuwa da māsu ana cin kaza.

Gwamnatin Ayalan ta daɗe tana tallafa wa Shannon da doka. Shekaru da dama jirgin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasar da Amurka tilas ne ya sauka a can, ko da Dublin ya nufa. An sassauta dokar a 1993, aka soke ta gaba ɗaya a 2008 bayan yarjejeniyar buɗe sararin sama tsakanin Tarayyar Turai da Amurka. A shekarar ce O'Regan ya rasu yana da shekara 90. Zuwa lokacin liyafar ta daina dogara da fasinjan da ya ratse, domin kamfanonin yawon buɗe ido sun riga sun sa ta cikin jadawalinsu, yawanci a daren ƙarshe kafin a kama jirgin gida.

Manyan baƙi ma ana kai su. Jiang Zemin ya zo Shannon a 1980, tun kafin ya zama shugaban Sin, don ya ga yadda yankin rangwamen haraji ke aiki, a daidai lokacin da ƙasarsa ke kafa irin nata. A Fabrairun 2012 Xi Jinping, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya sauka a Shannon, aka yi masa liyafa a Bunratty.

Annobar korona ce ta nuna raunin tsarin. A 2020 jirage suka tsaya, baƙin Amurka suka ɗauke ƙafa, zauren ya yi shiru, kamfanin filin jirgin da ke riƙe da wuraren tarihin ya ga nauyin ya fi ƙarfinsa. Bayan doguwar tattaunawa kan wanda zai biya kuɗin gyaran gine-ginen, a 2023 aka miƙa Bunratty da Knappogue ga majalisar gundumar Clare. Shekara sittin daidai bayan daren farko, fadar ta rabu da filin jirgin da ya raya ta, ta koma hannun ƙaramar hukuma. Mawaƙan sun koma bakin aiki, kuma a lokacin da baƙi suka fi yawa zama biyu ake yi a dare ɗaya: ana kwashe kwanukan rukunin farko, motocin na biyu na shigowa.