Jadawalin Darussan Mako na Aji Ɗaya a Makarantun Kirista na Rabin Mako a Amurka

Jadawalin darussan mako takarda ce da ake tsara wa yaro karatunsa a cikinta daga Litinin zuwa Juma'a, kowace rana da abin da za a yi. A makarantun Kirista na rabin mako da ke Amurka, inda yaro kan je makaranta kwana biyu ko uku ya yi sauran kwanakin yana karatu a hannun iyayensa, wannan takarda tana da nauyi ƙwarai. Mutum biyu ne ke koyar da yaro guda, kuma ba tare suke koyarwar ba. Malama ta fara darasi ranar Talata, uwa ta ɗora ranar Laraba, takardar ce kuma ke sanar da kowacce inda 'yar'uwarta ta tsaya. Nauyin ya fi tsanani a aji ɗaya na firamare, ajin 'yan shekara shida zuwa bakwai, domin a shekarar ce ake sa ran bakin yaro ya buɗe a karatu.

Asalin tsarin

Makarantar rabin mako reshe ce ta karatun gida, wato iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida maimakon tura su makaranta, shi kuwa karatun gida na zamani ya taso ne daga wata doguwar jayayya kan wanda ke da iko da tarbiyyar yaro. Tun a 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Oregon da ta nemi tilasta wa yara shiga makarantun gwamnati kaɗai. A 1962 da 1963 kotun ta haramta addu'ar da hukuma ta tsara da karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada a makarantun gwamnati, abin da ya sosa ran Kiristoci masu yawa, ya kuma taimaka wajen yaɗuwar makarantun majami'u. A 1972 ta yanke wa iyaye 'yan ɗarikar Amish hukuncin cewa ba za a tilasta musu tura 'ya'yansu makaranta bayan aji takwas ba.

A shekarun 1970 mutum biyu suka yi fice wajen kiran iyaye su koyar da 'ya'yansu da kansu. John Holt, tsohon malamin makaranta, ya kafa hujja da cewa yaro ya fi koyo idan aka sakar masa mara. Ya fara fitar da mujallarsa a 1977. Raymond Moore da matarsa Dorothy, mabiya ɗarikar Adventist, sun ce gaggawar sa ƙananan yara a aji tana cutar da su, gara a jinkirta har su kai shekara takwas ko fiye. Hirarrakin da James Dobson, mai gabatar da wani shirin rediyo na Kiristoci kan iyali, ya yi da Moore a shirin nasa, a wajajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, su ake yawan ambata a matsayin abin da ya kai kiran cikin gidajen Kiristoci masu bishara. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa ƙungiyar HSLDA don kare iyayen da ake kai wa kotu. Zuwa 1993 karatun gida ya halatta a duka jihohi 50.

Da doka ta daina zama matsala sai gajiya ta bayyana. Uwa mai 'ya'ya uku ko huɗu, kowanne da ajinsa, ita ce malama, ita ce mai tsara manhaja, ita ce mai gyaran jarrabawa. Iyalai suka fara haɗa kai suna taruwa a majami'a rana ɗaya a mako, wannan ta koyar da kimiyya, waccan ta koyar da zane. Daga irin waɗannan tarurruka ne makarantu masu rajista suka fito. Wadda aka fi dangantawa da farkon tsarin ita ce Grace Preparatory Academy da ke Arlington a jihar Texas, wadda ta buɗe a 1993 ko kusa da haka. Ta ari salon jami'a, inda ɗalibi ke halartar lacca wasu ranaku ya yi nazari da kansa a sauran, shi ya sa makarantun da suka bi sawunta ake kiransu masu salon jami'a, suka kuma kafa ƙungiyarsu a farkon shekarun 2000. A 1997 Leigh Bortins ta fara Classical Conversations a jihar North Carolina, mai taron rana ɗaya a mako. Katolika ma suna da nasu, kamar Regina Caeli Academy da aka kafa a jihar Georgia a 2003.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka sun nuna yara kusan 850,000 ke karatun gida a 1999, adadin ya kai kusan miliyan 1.8 a 2012. A lokacin annobar korona, wani binciken hukumar ƙidaya ya nuna gidaje masu 'yan makaranta da ke karatun gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a wajajen Afrilu da Mayun 2020 zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen shekarar. Makarantun rabin mako ba su da rukuni nasu a irin wannan lissafi, domin wasu jihohi makarantun kuɗi suke ɗaukarsu, wasu kuma karatun gida.

Magudanan da suka gina jadawalin

Duk wanda ya duba jadawalin aji ɗaya da kyau zai ga sawun al'adu uku na koyarwa, kuma ba kullum suke jituwa ba.

Ta farko ita ce ta littattafan makarantun majami'u. Kamfanin Abeka, wanda Arlin da Beka Horton suka kafa a Pensacola ta jihar Florida a farkon shekarun 1970, da BJU Press na jami'ar Bob Jones, sun saba buga littafin malami mai ɗauke da darasin kowace rana a ƙidaye. Abeka ta shahara da fara koyar da sautin haruffa da wuri, har da rubutun haɗe tun kafin aji ɗaya. Wannan ya yi hannun riga da ra'ayin su Moore na jinkiri, kuma a aikace ɓangaren farawa da wuri ne ya rinjaya a yawancin makarantun rabin mako.

Ta biyu ita ce ta ilimin gargajiyar Turai, wadda aka farfaɗo da ita bisa wata lacca da marubuciya Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947. Ta raba girman yaro mataki uku, ta ce a matakin farko yaro yana jin daɗin hadda da rera abu, don haka a cika shi da ita. Daga nan ne jadawalin ya gaji sashen hadda: jerin abubuwan tarihi, sunayen koguna da ƙasashe, ƙirga da bibbiyu ko biyar-biyar cikin waƙa, wani lokaci da 'yan kalmomin Latin. A Classical Conversations ana raba wannan hadda cikin mako 24, a zagaye uku da ake maimaitawa shekara bayan shekara.

Ta uku, wadda ta fi dacewa da ɗan shekara shida, ta Charlotte Mason ce, malama 'yar Ingila da ta rayu daga 1842 zuwa 1923, ta kuma horar da malamai a Ambleside. Ta tsara karatun da ake aika wa iyalai su koyar a gida, wato ta yi maganin matsalar raba koyarwa tsakanin makaranta da gida tun kafin a haifi makarantun yau. Ta nace a kan gajerun darussa, minti goma zuwa ashirin ga ƙananan yara, a sauya daga aikin kai zuwa aikin hannu kafin hankali ya gudu. Ta kuma kawo dabarar maimaita labari: a karanta wa yaro sau ɗaya, shi kuma ya faɗa da bakinsa. Ana gama darussa da hantsi ko kafin azahar, yamma ta zama ta wasa da yawon duba tsirrai da tsuntsaye. Iyayen Amurka sun sake gano ta a tsakiyar shekarun 1980, kuma kusan duk jadawalin da ya yi wa ƙaramin yaro adalci akwai hannunta a ciki.

Yadda ake tsara makon

Ana farawa daga shekara. Shekarar karatu galibi mako 36 ce, kimanin kwana 180, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Mayu. Ana raba darussan kowane littafi a kan makonnin, a bar gurbin hutun Godiya na ƙarshen Nuwamba, da Kirsimeti, da Ista. A makarantu masu salon jami'a, 'yan firamare sukan zo Talata da Alhamis, manya su zo Litinin da Laraba da Juma'a, wanda ke ba gini ɗaya damar ɗaukar rukuni biyu. Ginin kansa sau da yawa ɗakunan makarantar Lahadi ne na wata majami'a, waɗanda ba a amfani da su a tsakiyar mako.

Malamar aji ce ke rubuta jadawalin, ta aika wa iyaye ta intanet ko ta sa a jakar yaro kafin mako ya shiga. Ƙa'idar rabon aiki ita ce sabon abu a makaranta, bita a gida. A wannan mataki ana ɗaukar uwa ko uba a matsayin abokin koyarwa cikakke, domin ɗan aji ɗaya bai iya karanta umarnin da ke kan takardar aikinsa ba tukuna.

Takardar kan zo da layi biyar na ranaku, kowace rana da gidajen darussa, da ɗan akwati a gefe da uwa za ta yi wa alama. Ranar gida takan fara da sujadar safe a teburin cin abinci: addu'a, waƙa ɗaya, labari daga Littafi Mai Tsarki, sai ayar mako. Daga nan minti ashirin na sautin haruffa, yaro yana jera 'yan katunan baƙi da wasali yana haɗa su. Ya karanta shafi biyu da babbar murya, uwa na bin layin da yatsa. A huta. Lissafi ya biyo baya, da wake ko 'yan sanduna da ake ɗaurewa goma-goma. Sai kwafin jimla ɗaya a takarda mai faɗin layi, sau da yawa ayar makon ce ake kwafa, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Gaba ɗaya aikin zama ba ya cika wuce sa'a biyu zuwa uku. Abin da aka yi a saka a jaka mai aljihu biyu, ɗaya na aikin da aka gama, ɗaya na wanda ya rage, a mayar wa malama.

Karatu

Karatu ne ke cin kaso mafi girma, kuma shi kaɗai ne ba a yarda a tsallake masa rana ba. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, sauti ɗaya kuma ana iya rubuta shi ta hanyoyi da dama, don haka yaro ba zai iya dogara da ganin baƙi kawai ba. Rahoton kwamitin karatu na ƙasa da aka fitar a 2000 ya lissafa ginshiƙai biyar: rarrabe sautuka da kunne, danganta sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Jadawali mai kyau yana taɓa kowanne a cikin mako. A ranar makaranta ta farko a gabatar da jerin kalmomin da za a koyi rubutawa, a yi ta bitarsu, a yi shifta a ranar makaranta ta ƙarshe.

A nan ne raunin tsarin yake fitowa. Idan malama tana koyar da sauti ta wata hanya, uwa kuma tana bin yadda aka koya mata tana ƙarama, yaro ya rikice. Shi ya sa makarantu da yawa suke horar da iyaye kafin zango ya fara, wasu kuma su rubuta a jadawalin ainihin abin da uwa za ta faɗa. Ga yaran da ke da matsalar rarrabe haruffa, ana yawan komawa ga dabarun Orton-Gillingham, masu haɗa gani da ji da taɓawa.

Lissafi da sauran darussa

Abin da ake nema a aji ɗaya shi ne tarawa da ɗebewa har 20, ƙirga har 120, sanin gurbin goma da na ɗaya, da duba agogo a kan sa'a da rabin sa'a. Littattafan Saxon suna kawo abu kaɗan-kaɗan suna ta komawa baya, na salon Singafo kuma suna tsayawa kan batu guda har ya zauna. Na farkon ya fi sauƙin rabawa tsakanin gida da makaranta.

Tarihi, kimiyya, zane da kiɗa sau ɗaya ko biyu ne a mako, galibi a makaranta, inda ake da kayan aiki da abokai.

Ɓangaren addini

Ayoyin da waɗannan makarantu suka fi kafa hujja da su su ne Maimaitawar Shari'a 6:6-7, mai umartar iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune da a tafe, da Karin Magana 22:6. Ana hadda aya ɗaya a mako, ko a raba dogon nassi kamar Zabura 23 ko Addu'ar Ubangiji a kan makonni. Makarantun Presbiteriya sukan ƙara tambaya da amsa daga katikisma ta yara, na Katolika su bi kalandar ikkilisiya da ranakun tsarkaka. Wasu suna zaɓar hali ɗaya, kamar gaskiya ko haƙuri, ya zama jigon wata.

Doka da rikodi

Jadawalin yakan zama shaida a gaban hukuma. Jihar New York tana neman tsarin karatu na shekara da rahoto sau huɗu, da sa'a 900 ga 'yan firamare. Pennsylvania tana neman kundin ayyukan yaro da wani mai tantancewa zai duba. Texas ba ta neman rajista. Hukuncin Kotun Ƙolin jihar na 1994 ya ɗauki karatun gida a matsayin makarantar kuɗi.

Saɓani

Masu suka suna cewa sa ido ya yi kaɗan a wasu jihohi, kuma tsarin yana buƙatar ɗaya daga cikin iyaye, yawanci uwa, ta bar aiki ko ta rage shi. Ana kuma jayayya kan littattafan kimiyya da ke koyar da halitta cikin kwana shida a matsayin kimiyya. Magoya baya suna nuna cewa kuɗin makarantar bai kai na makarantar kuɗi ta kwana biyar ba, ga kuma lokacin da yaro ke samu da iyayensa. Tun da Arizona ta fara asusun tallafin karatu a 2011, ta kuma buɗe shi ga kowane ɗalibi a 2022, wasu jihohi sun bi sahu, ko da yake har a cikin masu karatun gida akwai waɗanda ke ƙin karɓar kuɗin gwamnati don gudun sharuɗɗan da ka iya biyo baya.