Makullin sirri a cikin na'ura: ina kuskure ke fitowa a kanel ɗin Linux, kuma ta yaya ake gyara shi?

Me ake nufi da makullin da na'ura ke tsarewa?

Duk faifan da aka kulle bayanansa, akwai wata doguwar lamba da ke buɗe shi. Ita ake kira makulli. Idan aka ajiye ta a kan faifan da take tsaro, an yi ajiyar nama a hannun kura. Saboda haka ake damƙa ta ga wata 'yar na'ura da ke kan allon kwamfuta, wadda aka fi sani da TPM. Ƙungiyar Trusted Computing Group ce ta tsara ƙa'idojinta, kuma mutane da yawa sun fara jin sunanta ne a 2021, lokacin da Windows 11 ta ce ba za ta hau kwamfutar da ba ta da TPM 2.0 ba.

A Linux, kanel, wato zuciyar babbar manhaja, yana da ma'ajiyar makullai tun fitowar 2.6.10 a 2004, aikin David Howells na kamfanin Red Hat. A 2011, cikin 2.6.38, masu bincike na IBM suka ƙara nau'in da ake kira amintattun makullai. Daga baya aka buɗe wa wasu na'urori ƙofa: keɓantaccen sashen tsaro na injinan ARM (inji shi ne ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta), da CAAM, sashen sirri na injinan kamfanin NXP. Mai amfani ba ya ganin makullin tsirara. Abin da ke zuwa hannunsa dunƙule ne a rufe, na'urar da ta rufe shi kaɗai ke iya buɗewa.

In dai na'urar ce ke tsaro, ina ruwan kanel da kuskure?

Nan ne mutane suke ruɗewa. TPM ba ta da sauri, ba ita ke buɗe bayanan faifai ɗaya bayan ɗaya ba. Tana warware dunƙulen ne ta miƙa wa kanel makullin, shi kuma ya riƙe shi a cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, yana aiki da shi. Daga wannan lokaci amanar ta koma hannun rubutun da mutane suka yi da harshen C, wanda ba ya yafe mantuwa. A ganina yawancin tangarɗar wannan fanni ba daga lissafin sirrin take fitowa ba. Daga tambaya ɗaya take fitowa: idan aiki ya tsaya a tsakiya, wa zai kwashe kayan?

Kamar yaya?

A ce kanel ya ware wuri a RAM, ya aika wa TPM umarni, ta ba da amsar da ba a zata ba. Mai rubutun ya gwada hanyar nasara sau ɗari, amma hanyar gazawa wataƙila ko sau ɗaya bai bi ta ba. A kanta ake mantawa da sakin wurin da aka ware, ko a sake shi sau biyu, ko a sake shi alhali sirrin na nan kwance a ciki. Na ƙarshen ya fi ban tsoro, don babu abin da zai fashe, kwamfuta za ta ci gaba da aiki lafiya lau, makulli kuwa na jiran wanda zai gaji wurin. Ko an rubuta umarnin shafewa, manhajar da ke juya rubutun zuwa harshen inji na iya ganin babu mai sake karanta wurin, ta cire umarnin a matsayin aikin banza. Dalilin haka kanel ke da memzero_explicit da kfree_sensitive, waɗanda ba a iya tsallake su. Faci, wato ƙaramin gyara a rubutun kanel, sau da yawa a wannan sashe layi ɗaya ne: a cire kfree a sa kfree_sensitive.

Akwai kuma mantuwar da ke faruwa a cikin TPM ɗin kanta. Gurabenta na riƙe makullai na wucin gadi kaɗan ne, ƙa'ida ta yarda su kasance uku kacal. Idan kanel ya loda makulli, aiki ya gaza, bai umarci a fitar da shi ba, gurbi ɗaya ya tafi. In aka yi haka sau uku, sai na'urar ta daina karɓar wani makulli, mai kwamfuta kuma ya ɗauka ta lalace.

Ko kwatanta lambobi biyu ma akwai tarko. Hanyar da aka saba tana tsayawa da zarar ta ga bambanci, mai auna lokaci da kyau kuwa zai iya gane inda ta tsaya. Wajen duba hatimin saƙo, crypto_memneq ake so, wadda ke ɗaukar lokaci ɗaya ko sun dace ko ba su dace ba.

An taɓa cin moriyar irin wannan da gaske?

A Janairun 2016 kamfanin Perception Point ya bayyana wata kafa a ma'ajiyar makullan, mai lamba CVE-2016-0728. Akwai ma'aunin da ke ƙirga masu riƙe da wata ma'ajiya, a wata hanya ana ƙara masa ɗaya ba a ragewa. Wanda ya maimaita kiran da ke bin wannan hanya sama da sau biliyan 4, ma'aunin zai cika ya koma sifili, kanel ya saki abin da ake kan amfani da shi, daga nan mai ƙaramin izini ya zama mai cikakken iko. Kuskuren ya zauna tun fitowar 3.8, kusan shekara uku. Gyaransa bai wuce ƙara kira ɗaya da aka manta ba.

Idan laifin na na'urar ne fa?

Yana faruwa. A 2017 masu bincike na Jami'ar Masaryk da ke Jamhuriyar Cek suka gano cewa makullan RSA, wani sanannen nau'in makullin sirri, da na'urorin kamfanin Infineon ke ƙirƙira ana iya warware su, abin da aka kira ROCA, har ya shafi katunan shaidar ɗan ƙasa na Istoniya kusan 750,000. Wannan ba abin da kanel zai iya yi, sai sabunta manhajar cikin na'urar da sake makullai.

Wani lokaci kuwa kanel kauce wa matsalar yake yi. TPM ta cikin injinan AMD ta riƙa sa kwamfuta sarƙewa na ɗan lokaci idan aka nemi lambobin ba-zata daga gare ta. An yi ta ƙoƙarin tantance waɗanda ke da matsalar, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito fili ya nuna ya gaji, a 2023 aka daina karɓar waɗannan lambobi daga gare ta gaba ɗaya.

Gyara na iya jawo wata sabuwar matsala?

Sosai. TPM da ke zaman kanta a kan allo tana magana da inji ta wayoyi, kuma ana iya sa mata kunne. A 2024 wani mai bincike ya ciro makullin BitLocker, manhajar kulle faifai ta Windows, daga wata tsohuwar kwamfuta cikin daƙiƙa 43 da wata 'yar na'ura mai araha, Raspberry Pi Pico. A shekarar, Linux 6.10 ta zo da aikin James Bottomley na ɓoye saƙonnin da ke bin wannan hanya da buga musu hatimi. Tsaro ya ƙaru, amma kowane umarni ya yi nauyi, wasu kwamfutoci suka riƙa jinkirin tashi, sai da aka biyo da wasu faci don rage nauyin.

Ta yaya ake farautar kuskuren, kuma yaushe gyaran ke isowa gare ni?

Ba kowa ke da kowace irin na'ura a gabansa ba, wannan ma na cikin dalilan da kuskure ke daɗewa. Ana gwaji da swtpm, TPM ta kwaikwayo, a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta. Cikin kayan gwajin, KASAN na kama taɓa wurin da aka riga aka saki, kmemleak na nuna wanda aka manta, syzkaller na Google kuma na jefa wa kanel kira barkatai dare da rana har wani abu ya fashe. Mai gyara yana sa alamar Fixes: da ke nuna canjin da ya haifar da matsalar, masu kula da sashen irin su Jarkko Sakkinen su duba, sannan a kai facin tsofaffin rassan da ake ci gaba da kulawa da su. Daga nan masu rarraba Linux irin su Debian, Fedora ko Ubuntu su ɗauka su aiko maka.

Abu guda kafin ka sabunta: idan makullin faifanka na ɗaure da ma'aunan PCR da ke rajistar yadda kwamfuta ta tashi, sabon kanel ko sabuwar manhajar allo na iya canza ma'aunin, TPM ta ƙi sakin makullin. Ka tabbata kalmar sirrin ceto na hannunka tukuna.